Is'haƙa Mai Walda da Bakin Rumbun Baba

Is'haƙa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka in kun ji na zage shi a cikin wannan labari kada ku ce Tani ba ta da kunya. Gado na yi, kuma shi ma ba ya raga mani. Tun muna yara yake ce mani mai bakin reza, ni kuwa in ce masa Sarkin Nawa, don ban taɓa ganin mutum mai jan aiki kamarsa ba. Ka kai masa ƙofa ya yi maka walda, sai ya auna, ya je ya sha ruwa, ya dawo ya sake aunawa, sai ka ce ƙofar ta ƙara tsawo a bayan idonsa.

A Tozai anka haife shi, can ƙasar Isa, a gidan maƙera. Ubansa kalmen noma da lauje yake ƙerawa, shi kuwa ya tashi a bakin zugazugi. Da ya kai shekara ashirin sai ya ce ƙarfen zamani yake so ya sani, ya tattara ya tafi Gusau koyon walda da gyaran tarakta. Shekara bakwai ya yi a can. Ya dawo mana da sana'a a hannu, da ɗingishi a ƙafar hagu.

Ga yadda abin ya faru. Akwai irin taraktar nan mai hannuwa biyu a gaba, riƙe da ƙaton bokitin ƙarfe na kwasar ƙasa da taki, wadda direbobi ke ce wa loda. Ba igiya ke ɗaga hannuwan nan ba, mai ne. Inji ya tura mai ta cikin tiyo zuwa wani bututun ƙarfe da ake kira silinda, man ya turo wata sanda mai ƙyalli waje, sai hannu ya tashi. Muddin man na nan a matse, bokiti na sama. Ran da ya sami hanyar fita kuwa, sai dai Allah ya kiyaye. Is'haƙa na tsugune ƙarƙashin irin wannan bokiti yana sa giris, tiyo ya fashe. Ya yi tsalle, amma bakin bokitin ya riga ƙafarsa. Yatsu uku ya bari a Gusau.

Da ya warke ya buɗe rumfa kusa da tashar Sabon Birni, ya auri Maimunat, mace mai haƙurin da ya dace da nawarsa. Ƙofofi, tagogi, amalanken shanu, kariyar babur, duk yana yi. Doka ɗaya ce a rumfar nan: ba mai shiga ƙarƙashin abin da anka ɗaga, ba mai hawa kansa, sai an sa ƙarfe ya riƙe shi. 'Yan acaɓa na yi masa dariya, suna cewa ko tukunya zai ɗaga sai ya tokare murfi. Ni ce kan gaba wajen dariyar, ba za ni ɓoye ba.

To, bari in kawo ku gidanmu a Unguwar Lalle.

Muna da babban rumbun ƙasa a tsakar gida, tsawonsa ya fi mutum biyu, bakinsa a can sama. Al'adar gidanmu ita ce, in an gama zuba hatsin shekara, maigida ne ke hawa tsani ya ɗora murfi, ya yaɓe shi da laka da hannunsa, ya yi addu'a, sannan samari su ɗora jinka. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowa ya sani: ran da wani ya yi wannan yaɓe, gida ya koma hannunsa. Babanmu, Malam Lawwali, ya fi shekara arba'in yana yi, bai taɓa fashi ba sai da rashin kwanciyar hankali ya kore mu. Damina biyu munka yi a cikin Sabon Birni a gidan dangi, rumbu na nan wayam, Baba na zaune a ƙofar gidan mutane yana kallon babura.

A ta uku munka koma. Anka noma gonakin kusa, Allah ya ba da ruwa, gero ya yi, dawa ta yi, rumbu ya cika har wuya. Ranar rufewa Baba ya tashi da fara'a, ya sa anka kwaɓa laka, anka jingina tsani. Tsanin namu gungumen itace ne mai gurbin ƙafa, irin na kaka da kakanni. Ya taka na farko, ya taka na biyu. A na uku gwiwarsa ta fara rawa kamar ganyen rama. Ya daɗe a nan riƙe da itacen, sannan ya sauko a hankali, ya je gindin darbejiya ya zauna.

"Ku ba Nura lakar," in ji shi, bai kalli kowa ba.

Nura ƙanena ne, ya ba arba'in baya, shi ke tuƙa lodar ƙungiyar manoman garinmu. Mutum ne mai zafin nama da zafin kai, amma ranar nan ko motsi bai yi ba. Wa zai karɓi gida daga hannun uba don gwiwa ta gaza? Anka rufe bakin rumbu da tabarma, laka ta bushe a banza. Da rana Baba bai taɓa fura ba, tuwon ma haka ya dawo. Wallahi na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Shekara biyu yana jiran wannan rana.

Washegari Nura ya zo da dabara. "Baba, mi ya yi zafi? In kawo loda ka shiga bokiti, in ɗaga ka har bakin rumbu. Haka muke yi in za a sa sola a masallaci, ko a sare reshe. Minti biyu ne."

Fuskar Baba ta washe. Ni ma na yi murna, har murnar ta sa na kira Is'haƙa a waya don in yi masa gori. Na gaya masa dabarar Nura, na ce ya zo gobe ya ga aikin masu hanzari, ko zai koyi wani abu. Na jira ya rama gorin.

"Tani," ya ce, "don girman Allah kada kowa ya shiga bokitin nan sai na zo."

Tun da nake da shi bai taɓa haɗa ni da Allah ba. Washegari da hantsi sai ga shi a kan tsohon babur ɗinsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya zagaya loda yana shafa tiyo da yatsa, yana duba yatsan. Nura ya ƙule.

"Shekara shida ina tuƙa ta, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"Tawa ma ba ta taɓa ba," in ji Is'haƙa, "sai ran da ta ba ni."

Ya ce a zuba buhu huɗu na yashi a bokiti. Anka zuba. Nura ya ɗaga shi daidai bakin rumbu, ya kashe inji. Is'haƙa ya ja zane da gawayi a jikin rumbun, daidai leɓen bokiti, ya ce kowa ya kama harkarsa. Maza sunka je azahar, sunka dawo sunka sha fura. Da munka koma, bokiti ya sauka ƙasa da zanen da taƙi guda, bakinsa kuma ya ɗan sunkuya. Ba wanda ya taɓa shi. Is'haƙa ya ce robar da ke tare mai a cikin silinda ce ta gaji, man na sulalewa a hankali. Wannan mai sauƙi ne. In tiyo ne ya fashe, ba ta sallama.

Nura bai ba da kai ba. Ya ce to a tokare da gwafa mana, yadda ake tokare rumfa. Is'haƙa ya ce gwafa kara ta saba ɗauka, ba ƙarfen da ya fi sa nauyi ba, kuma in ta goce, kan wanda ke kusa za ta faɗa. Sunka yi ta musu, ni ina ta zuga Nura, don a ganina taubashina tsoronsa na Gusau ya kawo mana gida.

Sai Baba ya yi magana daga gindin darbejiya. "Ɗan ƙanwata, kai ma ka zo ka gaya mani na tsufa?"

Is'haƙa ya je ya tsuguna a gabansa. "Kawu, in Allah ya so da hannunka za ka rufe rumbunka. Amma ba za ni bari a ɗaga ka ba. Bokitin za mu mayar dandamali, mu kafe shi ya zauna daram, ka hau da ƙafarka. Ba hawa ne ya gagare ka ba, tsayuwa a kan gungume ce. Ka ba ni kwana biyu."

"Kwana biyun Sarkin Nawa wata biyu ne!" na ce.

"Ke dai ki tanadi waina," in ji shi.

Ya auna sandunan nan masu ƙyalli, sau uku in ba ku manta halinsa ba, ya rubuta a bayan hannunsa, ya tafi. Kwana ɗaya na iya daurewa. A na biyu na hau mota na bi shi Sabon Birni, don Baba ya fara cewa a bar wa Nura yaɓen kawai, an yaudare shi. Na shiga rumfa da faɗa a bakina, sai na tarar da Maimunat ta kawo masa abincin rana tun ɗazu bai buɗe ba.

Ya yanke ƙarfe biyu masu kauri, masu kwari a tsakiya kamar indararo, ya shimfiɗa tsohuwar robar taya a cikin kwarin don kada su karce sanda. Kowanne da noti biyu na ɗaurewa. Ga sarƙoƙi biyu, kaurin kowace gaɓa ya kai babban yatsana. Ga shingen bututu da zai kewaye bokiti daidai ƙugu. Ga kuma matakala mai faɗi, da katako a kowane taki, da abin riƙewa hagu da dama.

Na ce, "To sarƙa kuma ta mi ce? Kawunka ba raƙumi ba ne."

Ya ajiye abin walda ya ɗaga gilashin fuskarsa. Ya ce silinda iri biyu ne a jikin loda. Na ƙasa su ke ɗaga hannuwa, in sun saki, haɗiye sandarsu suke yi, don haka sai a kifa masu wannan ƙarfe a kan sandar, ya tokare tsakanin bakin silinda da kan sanda, ba wurin komawa. Na sama kuwa su ke riƙe da bakin bokiti, in sun saki, turo sandar suke yi waje, bokiti ya kife ya zubar da abin da ke ciki. Wannan tokari ba ya yi masa magani, sai ɗauri.

"Mutane da yawa na ƙasa kawai suke tunawa," ya ce. "Sai hannuwa su tsaya cak, bokiti ya juye mutum kamar taki."

Na buɗe kwanon abincinsa na tura masa. Ba kasafai hakan ke faruwa da ni ba, har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Ranar Asabar da hantsi anka kawo kayan a amalanke. Maƙwabta sunka cika gida, wasu don taimako, wasu don su ga ƙarshen nawa. Is'haƙa ya sa anka share gindin rumbu, anka daddaɓe ƙasa ta yi daidai. Nura ya shigo da loda, anka ɗaura shinge a bokiti tun yana ƙasa, anka shimfiɗa katako a cikinsa, sannan ya ɗaga shi ba kowa a ciki. Anka ja birki, anka tokare duk tayoyin da waigi gaba da baya. Is'haƙa ya tsaya daga gefe, bai shiga ƙarƙashi ba, ya kifa ƙarafan nan biyu a kan sanduna, ya ɗaure noti, ya ce wa Nura ya sauke a hankali. Hannuwa sunka sauko kaɗan, sunka zauna a kan ƙarfe da wata ƙara mai nauyi. Ya ɗaura sarƙoƙin daga bayan bokiti zuwa jikin hannuwa. Ya ce a kashe inji, ya karɓi makulli ya jefa a aljihunsa. Nura ya harare shi, amma ya ba shi.

Anka jingina matakala a jikin bokiti, Is'haƙa ne ya fara hawa. Ya shiga bokiti ya yi ta tsalle a ciki da ɗingishinsa kamar mai hawan bori, mata na ta dariya. Bokiti ko gezau. Sannan anka kai murfi da kwaryar laka sama, ya sauko ya ce, "Kawu, bisimilla."

Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa mani. Ya kama abin riƙewa da hannu biyu, ya fara taka matakala ɗaya bayan ɗaya, Nura na biye da shi. A ta huɗu ya tsaya ya huta. Ya ci gaba har ya shiga bokiti, ya tsaya da ƙafa biyu a kan katako, ya kori Nura ya ce ya sauka. Ya ɗora murfi, ya ɗebi laka ya fara yaɓe. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

"Tani, ruwa!" in ji shi daga sama. "Lakar ta yi tauri."

To, nan ne za ni faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Baba ba. Riga na hannuna, randa na can bakin madafa. A gidanmu ba a ajiye rigar uba a ƙasa, ba a kuma miƙa wa bare. Na waiga, sai na ga wasu sanduna biyu masu baƙin kai a gefen kujerar direba, sun fito kamar maratayin da ke bangon ɗaki. Inji a kashe, makulli a aljihun Is'haƙa, mi zai faru? Na rataya rigar, har na ɗan ja ta don ta zauna. Rigar Baba kuwa ba riga ba ce, shago ce: rediyo na aljihu, tocila, goro, carbi, duk suna ciki.

Sai na ji wani huci a cikin tiyo. Na ɗaga kai, na ga bakin bokiti ya gyaɗa, Baba na ciki. Ƙwaram! Sarƙoƙin nan biyu sunka miƙe sunka ɗame. Shi ke nan. Ko faɗin yatsa biyu bai yi ba.

Ashe sandar da na rataya wa rigar liba ce, abin da ke sakin man bokiti, kuma ba ruwanta da ko inji na aiki ko ba ya yi. Da dabarar Nura anka bi, wadda ni na fi kowa goyon bayanta, da ni Tani, da hannuna, na juye ubana daga tsawon mutum biyu a gaban idon unguwa.

Baba ya kama shinge ya leƙo. "Mi ne ne wanga?"

"Ƙarfe ne ya gyara zama, Kawu," in ji Is'haƙa. "Ci gaba da aikinka."

Ya zagayo ba gaggawa, kamar mai neman wani abu, ya sauke rigar daga kan liba ya ɗora mani a hannu. Ya ciro igiyar roba ya ɗaure sandunan biyu tam. Na jira gori, don ya sami abin da zai yi mani gori da shi har kabari. Ya rage murya ya ce, "Laifina ne, Tani. Tun farko ya kamata in ɗaure su. Je ki kawo ruwa."

Na je bakin randa na yi kukana a can, na wanke fuska, na ɗebo ruwa. Nura ya kai sama. Shi ma ya ga abin da ya faru. Tun daga wannan rana ƙarafan nan da sarƙoƙi ba su rabu da lodarsa ba, kuma shi ya yi ta kai direbobin Isa da Tozai rumfar Is'haƙa ana yanka masu nasu. Har yau ina ce wa Is'haƙa Sarkin Nawa, amma in wani ya faɗa a gabana, sai mun yi.

Baba ya yi ta shafa laka ba ya gaggawa. Ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a mai tsawo, anka shafa. Sannan ya tsaya riƙe da shinge yana duban gari, yana duban gonaki, har na fara cewa ko ya manta da mu. Daga baya ya juyo ya sauko, taki ɗaya bayan ɗaya, bai yarda kowa ya riƙe shi ba. Da ya taka ƙasa na miƙa masa riga, ya ce in dakata. Ya kira Nura, ya kama hannunsa na dama da nasa hannun mai laka.

"Na bar gefen gabas ban shafe ba," ya ce. "Ba gajiya na yi ba, kowa ya gani. Hau ka ƙarasa."

Nura, ƙato mai 'ya'ya shida, ya tsaya yana kallon lakar da ke tafinsa. Ya ce, "Baba, ai kana nan."

"Shi ya sa," in ji Baba. "Ina so in gani da idona."

Is'haƙa ya sake duba noti da sarƙa kafin ya matsa ya ba shi hanya. Nura ya hau yana share fuska da kafaɗa, Baba kuwa ya ɗaga kai yana gaya masa inda zai fara.